Jawabi Ga Direbobin Arewa Mazauna Kurmi: Giya Da Sitiyari



Direban da ya kurɓi ogogoro a tasha, sa'an nan ya ja tanka mai lita 33,000 na fetur daga Apapa, lalle ya cancanci kora. Masu cewa a dubi iyalinsa da ke jiran aike a Arewa, to, waɗanda zai bi ta kansu a Ogere su ma da nasu iyalin.

Amma kora kaɗai ba ta wadatar ba, domin gobe wani mai mota zai miƙa masa makulli. Wajibi ne Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta karɓe lasisinsa. Shugabannin tasha kuwa su fatattaki masu tallar giyar, shi kuma su nema masa aikin lodi ko gadi.