Inda Aka Fara Jin Sunansu: Bikin Fina-finan Wagadugu da Daraktocin da Ya Fito da Su



Idan ana zancen manyan daraktocin fim na Afirka, yawanci daga bikin fina-finan Cannes ta Faransa ake faro labarin, kamar a can aka haife su. Ni dai yau daga Wagadugu zan faro, domin da yawansu a nan aka fara tafa musu.

A shekarar 1969 aka fara bikin fina-finan Wagadugu, wato FESPACO, tun Burkina Faso tana amsa sunan Haute-Volta. A 1972 aka ƙirƙiro babbar kyautarsa, Ingarman Yennenga, kuma wanda ya fara ɗaukarta maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda, ɗan Yamai. Tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Indochina ƙarƙashin tutar Faransa, ya dawo ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda darakta Jean Rouch ya sa shi a fim. Fim ɗin da ya ciyo masa kyautar, Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa miji, ya nace sai ta zama matarsa ta uku. Wa a cikinmu bai san irin wannan Alhajin ba? Ganda ya rasu a 1981, kuma da sunansa bikin yake ba da kyautar fim ɗin farko na sabon darakta.

Souleymane Cissé na Mali sau biyu ya ɗauki Ingarman, a 1979 da Baara, a 1983 da Finyè, kafin Cannes ta karrama fim ɗinsa Yeelen a 1987.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne Idrissa Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. A 1981 bai daɗe da barin ajin makarantar fim ta Wagadugu ba, ya kawo wani ɗan gajeren fim mai suna Poko: mace mai ciki a ƙauye, naƙuda ta zo da gardama, aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibitin birni, rai ya yi halinsa a hanya. Iyakar labarin ke nan. Alƙalai suka ba shi kyautar gajeren fim. Daga nan ya tafi ƙaro ilimi a Kiev da Paris, a 1990 fim ɗinsa Tilaï ya ci babbar kyautar alƙalai a Cannes, a 1991 ya dawo gida ya ɗauki Ingarman. A ganina, kyautar 1981 ta fi sauran nauyi. Mai fim irin Tilaï ko ba a ba shi komai ba duniya za ta neme shi. Yaron da ke riƙe da fim na 'yan mintuna kuwa, ba kuɗi ba suna, idan ba a ce masa “madalla” a gaban jama'a ba, yana iya ajiye kyamara ya nemi aikin ofis. Alƙalan da suka gane shi sun san amalanken nan, sun san nisan asibiti.

Ɗan Najeriya ma ya taɓa ɗaukar Ingarman: Newton Aduaka, da fim ɗinsa Ezra, a 2007.

To, ina Kano? Muna fitar da fina-finai ba adadi, amma gajeren fim ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ba ya kawo kuɗi. Ɗalibanmu na sashen wasan kwaikwayo da na aikin jarida suna haɗa irinsa duk shekara don neman maki, daga nan ya kwanta a kwamfuta. Duk bayan shekara biyu ake yin FESPACO. Malamai, ku zaɓi mafi kyau cikin ayyukan ɗalibanku, a sa masa fassarar Faransanci a ƙasan allo, a tura Wagadugu.