Shin Ido Ya San Ƙimar Mutum?



Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wannan gaskiya ne a kasuwar hatsi. Amma idan mutum ne za a auna, ina ganin ido yakan yi mana algus ba mu sani ba, kuma da kaina zan fara ba da misali.

Kwanakin baya aka saka ni cikin kwamitin ganawa da masu neman aiki a ma'aikatarmu. Wani saurayi ya shigo, dogo, fari, shaddarsa ta sha guga, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Kafin ya buɗe baki na riga na ba shi aikin a zuciyata. Bayansa wani ya shigo, gajere, ramamme, ga tsohon tabo a kunci, ga in'ina. Ban ma saurare shi sosai ba. Da aka ɗauko takardun jarrabawar da suka rubuta tun da safe, waɗanda lamba kawai ke kansu, sai ga shi na biyun ya yi wa kowa fintinkau. Na duba makin da na ba su a ganawa, na tarar na fifita na farko, alhali na kasa tuna amsa ɗaya mai ma'ana da ya bayar. Saura ƙiris in raba ɗan wani da abincinsa saboda tabon da ba shi ya yi wa kansa ba.

A daren nan na tuna wani ɗan ajinmu. 'Yan ajinmu sun san shi, sun kuma san sunan tsokanar da muka laƙaba masa saboda haƙoransa, wanda kunya ba za ta bari in maimaita ba. Shi ke koya mana lissafi da dare a ɗakin kwana, amma da aka zo zaɓen wanda zai wakilce mu a muhawara, sai muka ce ba ya da kwarjini. Daga nan ya daina ɗaga hannu a aji.

Jama'a, wannan ciwo ya daɗe. Al-Jahiz, malamin Basra da ya rasu wajen shekarar 868 Miladiyya, ya samu wannan laƙabi ne saboda fitattun idanunsa. An ruwaito cewa Halifa Mutawakkil ya kira shi don ya karantar da 'ya'yansa, da ya ga kamanninsa sai ya ba shi kuɗi ya sallame shi. Yau fiye da shekara 1,100 ke nan ana karanta Kitabul Hayawan da Al-Bayan wat-Tabyin, littattafan mutumin da aka ƙi saboda fuska.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun auna abin. A 1920, Edward Thorndike na Amurka ya binciki yadda hafsoshin soja ke ba na ƙasa da su maki. Ya gano cewa wanda aka yaba wa ƙirar jiki, yawanci shi ake yaba wa basira da iya shugabanci da hali, kamar dai sifa ɗaya mai kyau tana haska sauran. A 1973 kuma, Margaret Clifford da Elaine Walster suka aika wa ɗaruruwan malaman firamare sakamakon ɗalibi iri ɗaya, hoton da ke jiki kawai suka bambanta. Malaman da suka samu hoton kyakkyawan yaro suka ɗauke shi a matsayin wanda ya fi basira, wanda kuma zai fi nisa a karatu. Malamaina, ku gafarce ni, ban kawo wannan don in ci muku fuska ba. Na kawo shi ne don mu ga cewa ko mai ilmi da kyakkyawar niyya bai tsira ba.

Abin yana da wata fuskar. Mace kyakkyawa idan ta samu ƙarin girma a ofis, sai a koma gefe ana raɗa cewa ba ƙwaƙwalwarta ce ta kai ta ba. A gidajenmu kuwa, idan yaro ya ce ya ga matar aure, sau nawa ake fara tambayar hankalinta kafin a tambayi ko fara ce? Mu da bakinmu muke tura 'yan matanmu ga man bilicin da ke lalata fata.

Ba ina cewa kyau laifi ba ne, ko a zo neman aiki da ƙazanta. Kyau baiwa ce, tsafta kuma wajibi. Amma kyau ba shaidar basira ba ne, rashinsa ma haka.

Yanzu da yawanmu mun zama masu yanke hukunci a kan 'ya'yan wasu, a ofis da asibiti da aji. Roƙona uku ne. A duba aikin mutum a rubuce kafin a ga fuskarsa. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin a tattauna. Idan kuma zuciyarka ta kwanta da wani tun daga bakin ƙofa, ka tambayi kanka: me ya faɗa, me ya yi?

Ɗan ajinmu kuwa, na neme shi a waya na roƙi gafararsa. Ya yi dariya ya ce ya yafe, amma bai ce ya manta ba.