Tsiron da ke kumfa: shin ɗan'uwan aduwa ne?



Yau hirarmu kan wani tsiro ce na Turai da yammacin Asiya, mai fure ruwan hoda, wanda idan ka murza ganyensa ko saiwarsa a ruwa sai ka ga kumfa ta tashi. Masana na kiransa Saponaria officinalis. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa masa sunan a 1753, daga kalmar "sapo", wato sabulu da Latinanci. Sinadarin da ke kawo kumfar sunansa saponin. Kumfarsa ba ta cin yadi, shi ya sa aka daɗe ana wanke tsofaffin tufafin tarihi da shi.

To, yanzu wani zai ce, ai aduwarmu ma ɓawonta na kumfa, kenan 'yan'uwa ne? A'a. Kama da wane ba ta wane.

Masana ba sa haɗa tsirrai dangi don aikinsu ya zo ɗaya. Fure suke dubawa, da 'ya'ya, da iri, yanzu kuma har da ƙwayoyin halitta. Saponaria na cikin dangin Caryophyllaceae, aduwa kuwa, wato Balanites aegyptiaca, tana cikin Zygophyllaceae. Akwai kuma endod na Habasha, shi ma danginsa daban.

Ku ji labarin endod ɗin nan. A 1964, Aklilu Lemma, wani masani ɗan Habasha, ya lura dodon koɗi na mutuwa a rafi, ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yansa. Dodon koɗin nan kuwa shi ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Kun ga, sabulun ƙauye ya zama makamin yaƙi da cuta. Amma sai da aka san ainihin tsiron da sunansa kafin masanan wasu ƙasashe su iya gwada shi.

Kuma a kula: kumfa ba ta nufin abu ba shi da illa. Saponin na kashe kifi, don haka ba abin zubawa a tafki ba ne.

Aikinmu na wannan makon: tambayi kaka ko wani dattijo, da wane tsiro suke wanki kafin sabulun kanti? Rubuta sunan, ɗauki hoton ganye da fure, ka turo mana. Masu ilimin nan ƙarewa suke yi, aduwar ma ana ta sarewa don gawayi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.