CETO RUBUTU DAGA RUMBUN KWAMFUTA IDAN YA LALACE



Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa tun zamanin dā abokan gābar rubutu a ƙasar Hausa su ne gara da gobara da yoyon ɗaki. A yau sun sami na huɗunsu, wato lalacewar rumbun kwamfuta, wanda kan lanƙwame aikin shekaru cikin ƙiftawar ido. Al'amarin kuwa bai tsaya ga birni ba. Ɗalibi ɗan Lajawa da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, kundin digirinsa yana cikin wannan rumbu ne. Haka ma akawun ƙaramar hukuma mai riƙe da jerin albashi. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda rumbun ke adana rubutu, da yadda yake lalacewa, da hanyar ceto abin da ke cikinsa.

Ƙirar rumbun

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fitar da irin wannan rumbu a 1956, mai fayafayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, amma duk abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yau kuwa yana shiga aljihun riga. A cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura mai rubutu da karatu ta hanyar maganaɗisu. Ta yi kama da allurar garmaho, sai dai ita ba ta taɓa faifan. Tana shawagi ne a kan iska, kusa ƙwarai, har ƙwayar ƙurar hunturu kan zame mata tamkar dutse a kan hanya.

Domin fahimtar yadda rumbun ke tsara rubutu, sai a dubi littattafan malaman zaure. Ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne daban-daban a cikin tadarishi, kuma marubuci kan sa kalmar farko ta warƙar gaba a gindin wadda ta gabace ta, domin in iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta. Kwamfuta ma haka take. Takan rarraba fayil guda gunduwa-gunduwa a kan faifai, sa'an nan ta ajiye fihirisa mai nuna inda kowace gunduwa take. Idan aka goge fayil, sunansa kawai ake cirewa daga fihirisar, a ba da izinin rubutu a gurbinsa. Rubutun kansa yana nan daram har ranar da aka ɗora wani a kansa. A kan wannan ne ilmin ceto fayil ya dogara.

Ciwo iri biyu

Na farko ciwon fihirisa ne. Yakan faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko aka fizge rumbu ba a sallame shi ba, ko muguwar manhaja ta shiga. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ce ba ta gane rumbun ba, ta nemi a share shi, abin da masu gyara ke kira fomatin. Na biyu ciwon jiki ne, wanda faɗuwa ko zafi ko hauhawar wuta ko tsufa kan jawo. Alamarsa ita ce nauyin aiki, da ƙara ƙwas-ƙwas daga ciki. A nan allura na iya kartar faifai, kuma abin da ta karce ya tafi har abada.

Matakan ceto

Mataki na farko shi ne a tsaya cak. Kada a amsa tayin sharewa, kada a ajiye sabon abu, kada a ɗora wata manhaja a kan rumbun, domin kowane sabon rubutu na iya sauka a kan abin da ake nema. Yawancin hasara a nan take aukuwa, garin neman gira a rasa ido.

Na biyu shi ne a kwafe rumbun ɗungurungum zuwa wani mai lafiya, a yi aiki a kan kwafin. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue, wadda kan fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ta tsallake masu gardama, sa'an nan ta dawo musu daga baya. Hikimar a fili take: mai ɗakin da ya kama wuta yakan fara fitar da abin da hannunsa ya kai ne.

Na uku shi ne gyaran fihirisa. Manhajar TestDisk kan yi ƙoƙarin sake gina ta. In hakan ya faskara, sai a koma ga PhotoRec, wadda ba ta kula da fihirisa. Bin faifan take yi tana gane kowane fayil daga mabuɗinsa, kamar yadda malami kan gane littafi daga farkonsa ko da bangon ya ɓace. Illarta ita ce fayilolin kan dawo babu sunayensu na asali, wasu kuma a gutsure.

Idan kuwa ana jin ƙara, to a kashe na'urar nan take. Buɗe rumbu a teburin shago, ko bubbuga shi, ko sa shi a firji, duk ƙarin ɓarna ne. Ƙwararru kan buɗe shi ne a ɗakin da aka tace iskarsa. Alal misali, lokacin da kumbon Kolombiya na Amurka ya tarwatse a 2003, an tsinci wani rumbunsa a ƙone a jihar Tekzas. Ƙwararru suka ciro faifansa, suka ceto kashi 99 cikin 100 na sakamakon wani gwajin kimiyya, aka kuwa buga shi a 2008. Sai dai irin wannan aiki yana da tsada ainun. Bugu da ƙari, sababbin rumbuna marasa faifai sukan share abin da aka goge da kansu, don haka ceto daga gare su ya fi wuya.

Darasi daga magabata

Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello sun iso wannan zamani ne albarkacin almajirai masu kwafa da hannu, daga gari zuwa gari. In gara ta ci na Sakkwato, akwai na Kano. Da wannan tunani ne aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Zariya a 1964, aka riƙa ɗaukar hoton rubuce-rubucen da ke hannun jama'a. Har ila yau, a Janairun 2013 an yi hasarar rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu, amma mafi yawan na garin sun tsira domin an riga an kwashe su zuwa Bamako.

Kammalawa

Ƙa'idar masana a yau ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma nesa da gida. Ɗalibi ya ajiye kundinsa a kwamfuta, ya aika wa kansa ta intanet, ya kuma bar kwafi a filash can gida Lajawa. Ofishi kuwa ya sa rana a kowane mako don yin kwafi, ya riƙa buɗe shi yana gwadawa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya sa a dace.