Amsoshin Wasiƙunku: Littafin Baturiyar Ingila A Jakar 'Yata

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga wani manomin shinkafa a Kadawa. Ya ce ya tarar da littafin Turanci mai suna Jane Eyre a jakar 'yarsa da ke sakandare, an kuma gaya masa labarin soyayyar wata Baturiya ne. Yana tambaya, shin tarihi ne ko ƙarya? Ya ƙona shi ne, ko ya cire yarinyar daga makaranta?

To Malam, a yi haƙuri tukuna, kada a taɓa ashana. Wannan littafi ƙagaggen labari ne, wata mata 'yar Ingila, Charlotte Bronte, ta fitar da shi a 1847. Labarin wata marainiya ce da ta sha wuya a hannun dangi, ta yi karatu, har ta sami aikin koyar da wata yarinya a gidan wani mai dukiya. Maigidan ya nemi aurenta. Ranar ɗaurin aure sai asiri ya tonu, ashe yana da mata mai taɓin hankali da ya ɓoye a saman bene. Dokar Ingila kuwa mace ɗaya ta yarda da ita. Ya ce su zauna haka nan ba aure, ta ce faufau. Ta bar gidan, ta kwana a daji, ta yi barar abinci, amma ba ta sayar da mutuncinta ba. Sai bayan matar ta rasu a gobara sannan suka yi aure. To ina laifin yarinya ta san wannan?

Mu ma muna da irinsa. A 1933 aka yi gasar rubutu a Zariya ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaƙin Turawa da Kwantagora da ke cikin Ganɗoki an yi shi da gaske a 1901, amma tafiyar jarumin ƙasar aljannu ƙirƙira ce. Haka cinikin bayi ta hamada da ke cikin Shaihu Umar ya faru, amma shi Umar marubuci ne ya ƙago shi. Ka ga ke nan, zamanin gaskiya ne, mutanen ne na ƙage.

Ban ce kowane littafi na kirki ne ba, akwai na banza a kasuwa, da Hausa da Turanci. Amma kai manomi ne. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwansa ke rayar da gonakin Kura da Bunkure. In ya yi maka yawa a fili, ai ba ka toshe babban kanal, ƙofar gonarka kake daidaitawa.

Shawarata, bayan sallar isha ka kira ta gaban mahaifiyarta, ta ba ku labarin da Hausa. Ka tambaye ta abin da Baturiyar ta yi daidai, da abin da bai dace da addininmu da al'adarmu ba. Daga amsarta za ka gane inda hankalinta yake. Amma don Allah a bar ta ta gama makaranta.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.