Jawabi ga mutanen Gure kan kiyaye farantin sola

Jama'a, farantin sola ke jawo ruwa a famfo, shi ke sanyaya maganin rigakafi a gidan likita. In ya mutu, sai mata su koma ga guga.

Yakan kai shekara 25 in an kula da shi. Lokacin hunturu ƙura na rufe shi, wuta ta ragu. A goge shi da sassafe, kafin ya yi zafi, da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta. Ruwan kanwa na barin tabo. In gilashin ya tsage, laima ta shiga ta ci wayoyin ciki.

Akwai sabon iri, ferobuskayit, da aka fara gwadawa a Japan a 2009. Laima da zafi na saurin lalata shi, shi ya sa masana ke liƙe shi tsakanin gilashi biyu.