Yadda Kwal Ya Kafa Garin Inugu

An nemi in yi ɗan jawabi a kan asalin wani gari, na kuwa zaɓi Inugu, domin tarihinsa ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Kafin zuwan Turawa babu birni a wurin, sai ƙauyukan mutanen Ngwo a kan tudu. Sunan ma da harshen Ibo "saman tudu" yake nufi. A shekarar 1909 masu binciken ma'adinai a ƙarƙashin wani Bature, Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. To, kwal ba ya kai kansa kasuwa. Saboda haka aka gina tashar jiragen ruwa a Fatakwal, aka shimfiɗo reluwe daga can har bakin ramuka, aka gama a 1916. Leburori suka yi zango a gindin tudu, unguwar da har yau ake kira Coal Camp. Ba duka ne suka zo da son ransu ba, sarakuna irin su Onyeama na Eke ne ke tattaro su. A 1917 aka ba wurin matsayin gari.

Ina ruwanmu? Da layin ya zarce ta Makurɗi da Kafancan ya kai Kaduna, da kwal ɗin nan jiragen ƙasa suka riƙa jigilar gyaɗarmu da audugarmu da kuza. Mutanenmu kuma suka bi hanyar da shanu, har aka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

An kuma zubar da jini. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 masu neman hakkinsu a ramin Iva Valley, abin da ya ƙara hura wutar neman 'yanci.

Da jirage suka koma shan dizal, kasuwar kwal ta faɗi, yaƙin basasa na 1967 ya ƙara durƙusar da ita. Abin da ya ceci garin shi ne ya riga ya zama hedkwatar gwamnatin Gabas. Mu da albashinmu ya dogara da man fetur, me muka tanadar wa garuruwanmu?